Yadda na gyara fankar banɗakina mai juyawa a banza

Fankar da ke zuƙe tururi a banɗakina kullum tana ƙara, amma bayan wanka madubi na nan jiƙe sharkaf, silin ma ya fara baƙin funfuna. Na ɗauka injin ne ya gaji, har na kusa sayen sabuwa.

Sai na kara takardar tishu a bakinta. Maimakon ta manne, faɗowa ta yi. Da na leƙa saman silin, ashe bututun da ke fitar da tururin bai ma kai waje ba! Wanda ya haɗa ta ya bar shi kwance kan katako, tururi na ta jiƙa rufi. Ga shi na roba ne mai lanƙwasa, ya lotsa a tsakiya, ruwa ya kwanta a ciki.

Na cire shi na sa bututun PVC (roba mai tauri) mai faɗin milimita 100, daidai bakin fankar, na bi hanya mafi kusa zuwa bangon waje da gwiwa ɗaya tak, domin kowace kwana tana rage ƙarfin iskar. Na ɗan karkatar da shi waje don ruwa ya gangara can, na sa marfin da ke hana iska dawowa.

Duk da haka in ƙofa na rufe, jan ba ƙarfi. Ai fanka ba ta fitar da iska sai wata ta shigo. Na rage ƙasan ƙofar da milimita 10, tishu ya manne ƙam. Yanzu ina barin fankar a kunne minti 15 bayan wanka, madubin kan bushe kafin in gama shiri.