Kafin ka biya kuɗin haya a Bradford

Duk Satumba sai na ga yaranmu suna jan akwati a Great Horton Road da ke Bradford ta Ingila, sun riga sun tura wa wani kuɗin ɗaki tun daga Kano don ya aiko musu hoto a WhatsApp. Haba ƙanena! Ni ma haka na yi a 2019, shi ya sa abin ke ƙona min rai.

Masallaci da naman halal ba za su wahalar da kai ba. Mutanen Mirpur na Pakistan da suka zo aikin dare a masaƙu tun shekarun 1950 sun share mana hanya. Leeds kuwa tafiyar kusan minti 20 ce a jirgin ƙasa.

Gida ne matsalar, kuma tarihin garin ne ya jawo ta. Bradford garin ulu ne, a ƙarni na 19 har ana ce masa hedikwatar ulu ta duniya. Ka ɗaga kai a unguwar Manningham za ka ga dogon bututun hayaƙin masaƙar Lister ta 1873. Attajirin masaƙa Titus Salt ya gudu daga hayaƙin garin, ya gina masaƙarsa a Saltaire, wajen gari, a 1853. Layukan gidajen dutsen nan da ake ba mu haya, leburorin masaƙu aka gina wa. Masaƙun sun rufe, gidajen na nan, da yawa sun haura shekara 120.

Ɗakina a hoto kamar na amarya. Da hunturu ya kama sai bango ya fara zufa, fumfuna ta cinye min babbar riga ta sallah da ke rataye. Mai gidan ya ce laifina ne da ba na buɗe taga, a Janairu! Da zan tashi ya riƙe kuɗin ajiyata, ba ni da ko rasit.

Daga baya na san doka: kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Kafin ka biya, ka je da ƙafarka, ka janye gado ka shafa bango, ka leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka sa a kunna hita a gabanka.

In ba ka iso ba tukuna, ka yi magana. Mutanenmu a nan ba sa barin baƙo a waje. Akwai mai ba ka katifa a falo har mako biyu.