Darasi na 9: Shirin tseren keke a kan tudu da kiyaye haɗarin hanya

Toh jama'a, darasin yau na masu keke ne, musamman wanda ya sa a ransa zai shiga irin tseren nan na 'yan sha'awa, ba na ƙwararru masu cin abinci da keke ba. Wanda ya fi suna a nahiyarmu shi ne na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, tun 1978 ake yinsa, yawanci a watan Maris, kilomita 109, dubban mutane ke fitowa har da mata da dattawa masu furfura. Hanyar ta bi gefen dutse a Chapman's Peak ga teku can ƙasa, sannan wajen ƙarshe lokacin da ƙafa ta riga ta mutu sai ga wani hawa wai shi Suikerbossie yana jiranka. A 2017 iska ta yi ƙarfi har tana kayar da mutane daga kan keke, dole aka soke tseren.

Amma ku lura, ranar tsere ana tare motoci a hanya, ga motar asibiti a kusa. Watannin da za ka yi kana atisaye kuwa kai da tifa da tirela da ɗan acaɓa ne a titi ɗaya, kuma ba wanda zai kauce maka don kana shirin gasa.

Yadda ake koyon hawa

Ka ba kanka kamar wata uku. Fita uku ko huɗu a sati ya isa, ɗaya a ciki ta zama doguwa, kana ƙara mata nisa kaɗan-kaɗan duk sati. Wata ranar kuma ka samu tudu guda wanda za ka hau cikin minti huɗu ko biyar, ka hau, ka sauko a hankali ka huta, ka sake, tun kana yin uku har ka kai shida. Ka sa giya mai laushi tun kafin hawan ya kama ka, don in ka bari sai kana tsakiya kana danna feda da ƙarfi sannan ka canza, sarƙa na iya zamewa ko ta tsinke. Samari suna son giya mai nauyi wai don a ce su maza ne, gwiwa ce ke biyan bashin daga baya. Ka zauna a sirdi ƙafa na juyawa da sauri, in ka ji ba ka iya haɗa magana saboda haki to ka wuce gejinka, sassauta. Ruwa a gora, dabino ko ayaba a aljihu, kada ka jira sai jiri ya fara ɗibarka. Satin ƙarshe kafin tsere hutu ne, ɗan zagaye kawai.

Gangare

A nan nake so mu daɗe, don kowa hawa yake tsoro alhali a gangare ake karyewa. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo da yadda birkin manyan motoci ke ƙwacewa a wurin, to irin wannan waje ba wurin koyo ba ne ko kaɗan, ka nemi hanyar da ba ta da manyan motoci.

Kafin ka fita ka matsa birki biyun ka tabbatar wanne ne na gaba, don ba duk keke ne iri ɗaya ba, wani na gaba a dama yake wani a hagu. Na gaba shi ya fi tsayar da keke, amma in ka cafke shi lokaci guda sai ka tsinci kanka ka wuce ta saman kan keken. Matsa duka biyu a hankali, ka ja jikinka baya a sirdi. Kada kuma ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, robar na gogar rim yana zafi, tayar na iya fashewa. Matsa, saki, matsa. Gudu kuwa kafin kwana ake rage shi, ba a cikinta ba, fedar da ke ɓangaren da kake karyawa ta kasance a sama kada ta daki kwalta. Yashi a kwana ya fi rami mugunta, shi rami ai kana hango shi.

Hular kwano dole ce, a ɗaure igiyarta a haɓa, wadda aka ɗora kawai kamar hular zuwa biki tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Riga mai haske, fitila gaba da baya, balle da asuba lokacin hazo. Bi hannun dama tare da motoci, kada ka tare su gaba da gaba, kuma kada ka kuskura ka shiga gefen tirela a kwana, direban ba ya ganinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

In abokin tafiya ya faɗi

Fara tsayar da motoci kada a ƙara wani a kai. In yana kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a ciccibe shi kamar yadda muka saba, jijjiga na iya jawo shanyewar jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Don Allah a daina zuba man birki ko fetur a ciwo, ruwa mai tsabta ya isa. A Najeriya a kira hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a lamba 122. Wanda kansa ya bugu, ko da ya miƙe yana dariya, in ya fara amai ko rikicewa a kai shi asibiti nan take.

Aikin gida

Rubuta jimla uku a kan abin da za ka duba a kekenka kafin ka fita. Sannan lissafi: in doguwar fitarka ta wannan satin kilomita 30 ce kana ƙara 5 duk sati, sati nawa za ka yi kafin ka kai 80?