Kurakuran da aka fi yi wajen shuka Carex wahuensis ta tsibiran Hawayi

A cikin dazuzzuka da sarƙaƙƙiyar tsibiran Hawayi akwai wani tsiro mai dogayen ganyaye da ake kira Carex wahuensis. Daga tsibirin Oahu ya samo sunan. Masu lambu suna sonsa don yana riƙe ƙasa a gangara, amma da yawa da hannunsu suke kashe shi.

Kuskuren farko shi ne ɗaukarsa ciyawa. Ɗan dangin aya ne. Ka murza kararsa tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, ba gaɓa, ba rami a ciki. Wanda ya bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya aske shi ƙasa-ƙasa, sai ya daɗe yana kallon dungu. Tsefe busassun ganyen kawai ake yi, a sa safar hannu, domin gefen ganyen na da kaushi, yana yanka.

Babbar ɓarna kuwa daga ban-ruwa take zuwa. Mutum ya ji cewa danginsa na son fadama, sai ya yi ta kwarara masa ruwa safe da yamma. Jinsin Carex ya kai kusan iri 2,000, ba duka ne 'yan dausayi ba. Wannan ya saba da busasshen daji da mai ɗan laima, inda ruwa ke tsanewa da wuri. A shayar da shi a kai a kai har saiwa ta kama, daga nan a rage, a bari saman ƙasar ya sha iska kafin a ƙara. In gindin ya yi laushi yana wari, ruwa ya yi yawa. Binne shi da zurfi ma kuskure ne: a bari inda ganye ya haɗu da saiwa ya zauna daidai da saman ƙasa.

Wasu kuma kan tumɓuke shi wajen noma, suna zaton jiji ne. Jiji na yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa da 'yan ƙwallaye, shi kuwa a dunƙule yake girma wuri guda.

Tono shi daga daji ma ba dabara ba ce. Gandun dajin gwamnatin jihar Hawayi sai da izini ake ɗibar tsiro a ciki. A nemi dashe wajen masu renon tsirran asalin tsibiran, ko a raba tsohon gindi gida biyu ko uku, kowanne da saiwarsa. Irin ma yana tsira, sai dai yana da nawa, kar a yi saurin zubar da tukunyar.