Yadda za ka haɗa ƙaramin layin dogo a ɗakinka, ka kuma tsare shi daga ƙura da gara

Sana'ata gyaran rediyo da fanka ce, a wani ƙauye kusa da Ringim. Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta gefen gonakinmu ya ratsa, kuma tun ina yaro nake yin jirgin ƙasa da karan dawa. Yau ina da ƙarami mai tafiya da lantarki a kan tebur. Duk wanda ya leƙo shagona sai ya tambaye ni yadda aka yi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Fara da awo, kada ka fara da ado. Ƙananan jiragen da aka fi samu su ne masu awon HO, wato an rage girman jirgin gaske sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layinsu milimita 16.5 ce. Akwai awon N, wanda aka rage sau 160, amma a wurinmu ban ba ka shawararsa ba: ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da shi. Wani lokaci ana dacewa da HO a wajen 'yan gwanjon kayan wasa a Kano, ko ka sa a sayo maka ta intanet. Kan jirgi ɗaya, tarago uku da layin da zai zagaye tebur sun isa.

Ga wani abu da ya faranta mini rai ranar da na lissafa shi. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, bai kai na Turai ba. In ka raba 1,067 da 16.5 za ka sami 64 da 'yan kai. Ke nan in kana son layin HO ya yi kama da namu, ka gina komai a kan ragin sau 64. Mutum ya zama kusan santimita biyu da rabi, ƙofar zaure santimita uku. Na cire gangar jikin taragun Turawa, na bar tayoyin, na ɗora nawa na kwali da langa-langa a kan wannan awon.

Tebur kuwa, faffaɗan katakon kafintoci mai tsawon ƙafa takwas da faɗin ƙafa huɗu shi ne daidai. Ka sa a yi masa firam ta ƙasa, ka shafe shi da fenti ciki da waje, har gefe-gefen, domin danshin damina yana lanƙwasa shi, layi kuma ba ya yafe tudu da kwari. Kwana kada ta matse: daga tsakiyar da'ira zuwa layi a sami aƙalla inci 18. Ka shimfiɗa layin ba tare da gam ba tukuna, ka tura tarago da yatsa ya zagaya sau da yawa. Duk inda ka ji ya yi ƙaras, mahaɗar ba ta zauna ba. Ka gyara ta yanzu, don in ka zuba ƙasa ka dasa itatuwa, gyaran sai da rushe-rushe. Ni na yi wannan gaggawar a karon farko, tashar da na kwana uku ina ginawa na ɓalle da hannuna.

Wutar da yake sha volt 12 ce irin ta batir, tana bi ta ƙarafan layi ta shiga tayoyi. Batirin sola ya wadatar. Ka sa masa abin rage gudu irin na fankar sola, da makunnin da zai juya wayoyin biyu, domin juya su ne ke sa jirgi ya koma da baya. Abin da ba zan yarda ka tsallake ba shi ne kariya. Batir ba ya san wasa. Ƙusa ɗaya ta faɗa tsakanin ƙarafa, waya ta narke. Ka sa fis, ko ka jera ƙwan fitilar mota a kan waya ɗaya kafin ta isa layi. In an sami haɗuwar wuta, ƙwan ne zai haska ya ɗauke nauyin. Ka kuma kai waya wuri biyu ko uku a layin ka like da dalma, kada jirgi ya rinƙa sanyi in ya yi nisa.

Sai ado, inda daɗin yake. Ƙasar jigawarmu ta fi duk abin da za ka saya. Ka shanya ta, ka tankaɗe da rariya, sannan ka bi ta da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Za ka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, wanda da ka bar shi cikin injin jirgi zai ƙare. Ka barbaɗa, ka ɗiɗɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon ruwan sabulu don ya ratsa. Kuka ana yin ta da wayar tagulla da aka murɗa aka shafe da yumɓu. Ɗorawa da tsamiya, soson tsohuwar katifa da aka rina kore. Rumbu da katanga yumɓu ne, dannin gida kuwa ɓawon kara. A bayan tashar jirgina na yi dalar gyaɗa, irin waɗanda mahaifina yake ba mu labarin ya gani a Kano. Da farko da ƙwayoyin dawa na jera buhunan, ɓeraye suka cinye dalar a dare ɗaya. Yanzu kowane buhu yumɓu ne.

Kulawar ita ce ainihin aikin, musamman da hunturu. Ƙura siririya ta kwanta a kan ƙarfe, jirgi ya fara tsayawa yana tashi kamar mai jin barci. Kafin kowane wasa ka goge saman layi da tsumma mai ɗan sifirit, ka goge tayoyin kan jirgi. Kada ka kusanto da sanfefa, tana kankare ƙarfe ta bar ramukan da datti zai zauna. Mai kuwa, na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a tsinin allura, ba kullum ba. Yawansa ƙura yake kira. In ka gama, ka lulluɓe teburin da zane a kan sanduna don kada ya taɓa itatuwa, kan jirgin kuma ya kwana a cikin kwano mai murfi.

Gara ta taɓa hawa ƙafar teburina ta ciki ban sani ba, sai da kusurwa ɗaya ta sauka. Tun daga nan kowace ƙafa tana tsaye a cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai, teburin kuma ba ya jingina da bango. Duk ranar Juma'a da yamma, bayan na duba gwangwanayen, nake buɗe wa yaran unguwa ƙofa. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya goge layi shi ke riƙe makunni.