Kurakuran da ke durƙusar da ƙungiyar ɗaliban ilimin laburare, da yadda za a gyara su

Abin kunya ne a ce ɗaliban da ake koya wa adana bayanai su ne ƙungiyarsu ba ta da ko takarda ɗaya ta bara. Amma haka ake yawan tararwa. Duk sabbin shugabannin da suka hau kan reshen NALISS, ƙungiyar ɗaliban ilimin laburare ta ƙasa, na sashensu sai su fara daga tushe, domin sakataren da ya sauka ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa da komai a wayarsa. Dalilin a fili yake: 'yan ajin ƙarshe ne ke riƙe manyan muƙamai, kuma ana barin miƙa mulki sai an gama jarrabawa, lokacin da kowa ya ɗaure kayansa. A yi miƙa mulki mako biyu kafin jarrabawa. A haɗa fayil ɗaya mai ɗauke da tsarin mulkin ƙungiya, bayanan taruka, sunayen mambobi, rasitai da bayanin banki. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin shugaban sashe, ɗaya a hannun sabon sakatare. Imel ɗin ƙungiya ya kasance da sunan ƙungiya, ba na wani mutum ba, zauren WhatsApp kuma ya samu masu kula akalla uku. Mataimakin sakatare ya fito daga aji biyu ko uku, domin a samu wanda zai tuna yadda aka yi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba abokai. Kuskuren shi ne zuba kuɗin mambobi a asusun ma'aji na kansa. Ko da mutumin kirki ne, kuɗin sun gauraya da nasa, ranar lissafi kuwa ba shi da hujja. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, da masu sa hannu uku, ciki har da malamin da ke kula da ƙungiyar, kada kuɗi su fita sai da hannun biyu. Rasit ya zama mai lamba, mai kwafi. Kowane zango a manna bayanin shiga da fita a allon sanarwa.

Inda kuɗin ke tafiya ma abin dubawa ne. Riga da walimar makon ƙungiya sukan cinye kusan komai. Ba laifi ba ne a yi walima, amma tun wajen kasafi a ware kashi ɗaya bisa uku don horo.

Horon kansa shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. A gayyato babban baƙo ya yi lacca ta awa biyu kan makomar laburare, a tafa, a watse, ba wanda ya taɓa littafi. Ɗalibin da zai je SIWES, wato horon sanin makamar aiki, aikin hannu yake buƙata. Koha, manhajar tafiyar da laburare, kyauta ce, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya mai tsarin Linux na Debian ko Ubuntu ta isa a girka ta. A raba mutane biyar-biyar, kowane rukuni ya shigar da littattafai goma na gaske, ya cike gurabun MARC 21, tsarin rubuta bayanan littafi a katalogi, da hannunsa: 020 don lambar ISBN, 100 don marubuci, 245 don take, 264 don bayanan ɗab'i, 650 don maudu'i. A nan ne kurakurai ke fitowa, musamman wajen sunayen Hausawa da Larabawa, inda mutum biyu za su shigar da marubuci ɗaya ta hanya biyu, littattafansa su watsu a katalogi. Wajen rarraba littattafai bisa maudu'i kuma, kada a tsaya ga tsarin Dewey kaɗai. Shi ne aka fi gani a makarantu da ɗakunan karatu na jama'a, amma yawancin jami'o'in Nijeriya tsarin LC, na laburaren majalisar dokokin Amurka, suke bi, mai haɗa harufa da lambobi.

Da yawa suna kammala digiri ba su bambance NLA da LRCN ba. NLA ƙungiyar ma'aikatan laburare ce ta Nijeriya, tun 1962 take, tana da rassa a jihohi da taron shekara-shekara. LRCN kuwa hukuma ce da Doka ta 12 ta 1995 ta kafa, ita ke yi wa ƙwararru rajista. Katin waccan ba ya tsayawa a madadin rajistar wannan. Aikin ƙungiyar ɗalibai ne ta fayyace wa 'yan ajin ƙarshe haka, ta kuma ƙulla zumunci da reshen NLA na jiharta. Wasiƙar gayyata ta fita mako uku kafin taro, da sa hannun malami. Saƙon waya ana gobe taro ba gayyata ba ce.

Ƙaramin abu amma mai tasiri: taron da aka sa dab da magariba, yawancin ɗalibai mata da masu zama cikin gari ba za su zo ba.

Kai gudummawar littattafai makarantun firamare da sakandare ya zama al'ada, sai dai sau da yawa hoto kawai ake ɗauka. Bayan wata shida kwalayen na nan a ofishin hedimasta, gara na ci. Kafin a je, a tace littattafan, a cire waɗanda suka fi ƙarfin yaran da waɗanda suka yage. A buga wa kowanne hatimin makarantar, a ba shi lamba a rajistar shigowa, a jera a kanta bisa manyan rukunan Dewey goma. A nemi malami ɗaya a koya masa rubuta aro da mayarwa a littafi mai layi huɗu: suna, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Sannan a sa ranar komawa duba aikin cikin fayil ɗin miƙa mulki, domin shugabannin da za su koma ɗin wataƙila ba waɗanda suka kai ba ne.