Kafin ka sa hannu a kan gida a benen da ba a gama ginawa ba

Irin dogon benen nan da ake haɗa komai a cikinsa, shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen kwana a can sama, yawanci tun ana zuba harsashi ake fara sayar da shi. Ni aikina kula da irin waɗannan gine-gine bayan an miƙa makullai, lokacin da dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba, aka bar mazauna da abin da suka sa wa hannu. Shi ya sa idan aka nuna mini hoton allon talla, nakan ce a kawo mini takardu tukuna.

Tambayar farko: ina kuɗinka zai kwana? Sayen gidan da bai wanzu ba cinikin biri a sama ne, sai fa idan kafin alƙalamin da ka biya ya shiga asusun amana, wanda kamfanin da ke ginin ba ya iya taɓawa sai gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. Dubai ta wajabta irin wannan asusu tun 2007. Dokar Indiya ta 2016 ta ce kashi 70 cikin 100 na kuɗin masu saye a ajiye shi a asusu na dabam, kuma ba a cira sai injiniya da mai zanen gini da akanta sun tabbatar da inda aiki ya kai. Inda babu wannan kariya, kamfani kan kwashi kuɗin wannan gini ya je ya sayi wani fili. A 2022 masu saye da dama a China sun daina biyan bashin banki saboda gidajen da suka biya sun tsaya cak. Ko dokar wurinku ba ta tilasta ba, ka sa lauyanka ya nemi a ɗaure biya da matakin aiki: kaza idan an gama harsashi, kaza idan an zuba kankaren hawanka, kaza idan an sa tagogi. Biya bisa kwanan wata kaɗai, ni ba na son sa.

Takardar fili da izinin gini, wannan aikin lauya ne. Ka dai duba adadin hawan da aka amince da shi ya yi daidai da wanda ake tallatawa, musamman idan naka gidan yana can ƙololuwa.

Inda nake so ka daɗe shi ne yarjejeniyar da ta raba nauyi tsakanin ofisoshi da gidaje. Mutane kan tsallake ta don tana da kauri, alhali ita ce za ta bi ka kowane wata. Ofis yana shan wuta da sanyi daga safe zuwa yamma, gida kuwa ruwa yake sha da dare da ƙarshen mako. Idan mita ɗaya ce, wa ke biya wa wa? Ka nemi a nuna maka a rubuce cewa kowane ɓangare da mitarsa, da kuma yadda ake raba kuɗin masu gadi, shara, inshora da gyaran rufi. Sannan ka duba yadda ake ƙuri'a a taron masu mallakar ginin. A wasu gine-ginen da faɗin wuri ake ƙirga ta, don haka kamfani ɗaya mai hawa goma na ofis zai iya rinjayar duk masu gidaje a taro. Ba haramun ba ne, amma gara ka sani tun yanzu.

Sai lifta. Ka karɓi zanen hawan ƙasa, ka ɗora yatsa a ƙofar shiga, ka bi hanya har ƙofar gidanka. Idan yatsanka ya ratsa zauren da ma'aikatan ofis da baƙinsu ke jira, to ka hango ƙarfe takwas na safe: kai da yaro da jakar makaranta kuna son sauka, lifta tana tsayawa a kowane hawa. An daɗe da gano maganin wannan. Benen nan na Chicago mai hawa 100 da aka fi sani da John Hancock, tun ƙarshen shekarun 1960 aka ware wa mazauna ƙofarsu da liftocinsu, suna hawa kai tsaye zuwa zaurensu a hawa na 44. Wurin ajiye motoci ma haka: lambar gurbinka ta fito a takardar mallaka, kada ta tsaya a bakin dillali.

Ka nemi a kai ka wurin aikin, da hular kwano, ranar da ake aiki. Ba ƙarfin rodi za ka auna ba, wannan sai injiniya. Tsaya a hawanka, ko mafi kusa da shi, ka tambayi mai kula da aikin inda za a girke manyan injinan sanyaya ofisoshi, da janareta, da bututun hayaƙin gidan abincin da ke ƙasa. Sau da yawa ana ɗora su a rufin ɓangaren ofis, wato daidai ƙarƙashin tagar gidajen farko. Gidan da ya fi araha a jerin farashi, galibi dalilinsa ke nan.

Kuɗin hidima, wato na kula da ginin, na shekarar farko kada ya ruɗe ka, akan sassauta shi don a samu masu saye. Ka tambayi nawa ne a ciki ake warewa don manyan gyare-gyare na gaba. Benen Champlain Towers South da ya rushe a Florida a watan Yunin 2021, ya kashe mutum 98, tun 2018 wani injiniya ya ba da rahoton mummunar lalacewar kankare, amma aikin gyaran mai cin miliyoyin daloli bai kankama ba har abin ya faru.

Ranar karɓar makulli, ka je da awo ka gwada faɗin ɗakuna da abin da ke takarda, ka buɗe kowane famfo, ka zuba bokitin ruwa a banɗaki da baranda ka ga inda yake gangarawa. Duk abin da ka gani ka rubuta, wakilin kamfani ya sa hannu, kuma kason ƙarshe na kuɗin ya zauna a asusu sai an gyara.