Bitar kai kafin barci, ga mai halartar ƙungiyar tallafa wa juna

1. Ware minti 10 da dare, ka kashe waya, ka ɗauko littafi da biro.
2. Rubuta abin da ya taɓa zuciyarka yau, ka kira shi da sunansa: fushi, tsoro, kunya ko kewa. "Ba komai" ba amsa ba ce.
3. Ba shi maki daga 1 zuwa 10, ka nemo abin da ya tayar da shi. Sau da yawa yunwa ce, ko gajiya, ko kaɗaici.
4. Ƙara abu guda da ka yi daidai. Wanda ya tsallake wannan, bitar kan zame masa zargin kai, sai ya watsar.
5. Ja layi ƙarƙashin abin da za ka kai wa ƙungiya. In makin ya ƙi sauka kwana da kwanaki, kada ka jira ranar zama, nemi jagoran ƙungiya ko ma'aikacin lafiya.